Daɓen Katako a Tsoffin Gidajen Birtaniya: A Sa Masa Makarin Sanyi Ko a Bar Shi Ya Sha Iska?

Duk wanda ya sayi tsohon gida a Ingila ya shiga gyaransa, akwai ranar da kafinta zai ɓanɓare katakon daɓen falo ya kira shi ya leƙa. Rami zai gani. Wani bai wuce zurfin taƙi biyu ba, wani kuma mutum zai iya rarrafe a cikinsa. Can ƙasa turɓaya ce da ɓaraguzan bulon da magina suka watsar shekara ɗari da suka wuce, ga iska mai sanyi tana kaɗawa. A nan za a tambaye shi: tunda an riga an buɗe, a cusa makarin sanyi kafin a mayar da katako, ko a rufe yadda aka tarar? Wannan gajeriyar tambaya ta raba kan magina da masu zanen gini, ta kuma haɗa masu kare tsoffin gine-gine gardama da masu fafutukar rage ƙona makamashi.

Sai an san yadda aka yi daɓen kafin a gane abin da ake ja a kai. Yawancin gidajen da aka gina a zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, da waɗanda suka biyo baya har wajen shekarun 1930, ba a zuba musu kankare a ƙasa ba. Ana jera gajerun katangun bulo masu ɓula-ɓula a cikin harsashi, a gicciya azarun katako a kansu, sannan a buga alluna bisa azarun. Tsakanin allunan da ƙasa a bar fili. A gindin bangon waje kuma, gaba da baya, a sa bulo mai huji domin iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Dabarar rumbu ce da manomi ke ɗorawa bisa duwatsu: a raba abin da danshi ke ɓatawa da ƙasa, a bar iska ta yi gadi. Ƙasar Birtaniya a jiƙe take kusan duk shekara, katako kuwa muddin yana bushe sai ya ga jikoki da tattaɓa-kunne.

Masu bincike sun ƙiyasta cewa irin wannan daɓe ya kai kusan miliyan 10 a Birtaniya, kuma a Ingila kusan gida ɗaya cikin biyar kafin 1919 aka gina shi. Maganar ke nan ta shafi jerin gidajen jan bulo na Landan da Mancesta da Bamingam, inda ma'aikata da 'yan haya da baƙi ke zaune.

Masu cewa a sa

Da abin da jiki ke ji suke farawa. Mutum zai kunna hita har ma'aunin da ke bango ya nuna digiri 21, amma yana zaune ƙafarsa na ƙanƙarewa, sai ya tashi ya ƙara wuta. Ta hanya biyu daɓen ke zubar da ɗumi. Ta farko, allon katako mai kaurin santimita biyu shi kaɗai ne shamaki tsakanin falo da iskar hunturu. Ta biyu, wadda ta fi ɓarna a gidaje da yawa, ita ce tsagar da ke tsakanin alluna da wadda ke bin gindin bango. Iska mai ɗumi tana hawa sama ta fice ta rufi da bututun hayaƙi, gidan kuma ya zuƙo mai sanyi daga ƙasa ta maye gurbinta. Maginan da ba su ga aibun haka ba, domin murhun kwal yana son iska, kwal kuwa yana da araha a lokacin. Yau an toshe yawancin murahun, gas ake ƙonawa, amma daɓen yana nan yana ta kawo wa murhun da babu shi iska.

Lissafin da aka saba ambata shi ne kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ɗumin gida ta daɓe yake tafiya. Suna kuma da awo na zahiri. A wani bincike da Sofie Pelsmakers ta yi da abokin aikinta a jami'ar UCL ta Landan, wanda aka buga a 2017, an auna daɓen wani gida kafin a sa makari da bayan an sa. Da aka cusa zaren itace tsakanin azaru, ɗumin da ke sulalewa ya ragu da kashi 65 cikin ɗari. Da aka cika ramin gaba ɗaya da ƙwayoyin soso, ya ragu da kashi 92.

Hujjarsu mafi ƙarfi dai ta lokaci ce. Tsadar wannan aiki ba a makarin take ba, a ɗaga daɓe take: a kwashe kayan ɗaki, a naɗe kafet, a cire katakon gindin bango, a zare ƙusoshi, a mayar da komai. Mai gyaran gida ya riga ya biya wannan kuɗi, tunda mai wayarin da mai aikin famfo dole su bi ta ƙarƙashin daɓen. Abin da ya rage kuɗin audugar makari ne da ragar da za ta riƙe ta da ladan 'yan kwanaki. Wanda ya rufe hannu rabbana, da wuya ya sake buɗewa cikin shekara talatin, ya yanke wa kansa da wanda zai gaje shi hukuncin sanyi ke nan. Sukan tuna wa mutane hunturun 2022, lokacin da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo har gwamnati ta shiga tsakani ta tsayar da lissafin matsakaicin gida a fam 2,500 a shekara.

Doka ma tana bayansu. A Ingila, ƙa'idar gini ta ce duk wanda zai sabunta fiye da rabin daɓensa ya inganta shi har ma'aunin zubar ɗumi, wanda ake kira ma'aunin U, ya sauko zuwa 0.25. Daɓen da Pelsmakers ta auna ya ɗan haura 1 kafin a taɓa shi. Birtaniya ta ɗaure kanta da doka a 2019 cewa za ta kawar da hayaƙin da take ƙara wa duniya zuwa 2050, kuma na'urorin ɗumama gida na lantarki da ake son su maye gurbin tukunyar gas sun fi aiki a gidan da ba ya yoyon ɗumi. Can a Niyu Zilan, inda gidajen katako suka yi yawa, tun ranar 1 ga Yulin 2019 aka wajabta wa masu ba da haya sa makari a rufi da ƙarƙashin daɓe duk inda zai yiwu. Idan ƙasa guda ta mai da shi farilla, in ji su, mene ne abin tsoro?

Masu cewa a yi hattara

Ba su musa ko ɗaya daga cikin waɗannan alƙaluma ba. Abin da suke tambaya shi ne: ɗumin nan da ake cewa yana ɓata, ina yake zuwa? Cikin ramin yake sauka. Shi ne yake ɗan gasa azaru yana busar da su duk hunturu, shekara ɗari da wani abu. Mai gida yana biyan kuɗin shanyar katakonsa a cikin takardar gas ba tare da ya sani ba. Ranar da aka sa makari, ramin zai ƙara sanyi, iska mai sanyi kuwa ba ta iya riƙe tururi da yawa, sai laimarta ta ƙaru. Cikin azarun da ke leƙe a ƙasan makarin zai zauna cikin wannan laima. Wurin da ya fi ba su tsoro shi ne bakin azara, inda aka cusa ta cikin bangon bulo, domin a tsohon gida sau da yawa bangon yana da naso.

Katako yana da iyaka. Idan ruwan da ke jikinsa ya daɗe sama da kashi 20 cikin ɗari, ƙofar ruɓa ta buɗe. Mafi sharri ita ce wata fumfuna da masana ke kira Serpula lacrymans. Tana son wuri mai duhu, mai laima, wanda iska ba ta motsi. Tana cinye ƙarfin katako har ya tsattsage gunduwa-gunduwa ya riƙa marmashewa a hannu, kuma tana miƙa jijiyoyinta ta cikin bulo da filasta ta je ta kama katakon wani ɗaki. Maganinta yanka ne: a sare duk inda ta taɓa har da lafiyayyen da ke kusa, a ɓare filasta, a sake azaru. Ga kuma tsutsar katako, wadda ita ma jiƙaƙƙen itace ta fi so. Kuɗin irin wannan gyara sai ya haɗiye duk abin da makarin zai tara wa mai gida a rayuwarsa. Garin neman gira, in ji su, kada a rasa ido.

Abin da ya ƙara munin lamarin shi ne a ɓoye yake faruwa. Bango idan ya yi naso ido zai gani, hanci zai ji. Daɓe kuwa sai ranar da ya fara lotsawa. A da, idan bututun ruwa ya tsiyaya ko injin wanki ya yi ambaliya, ruwan zai bi tsaga ya sauka ƙasa, iska ta busar da saura. Yanzu audugar za ta shanye shi ta manna wa azara, ledar tare iska da aka shimfiɗa a sama kuma ta hana shi fita. A unguwannin da ke fama da ambaliyar kogi, dole a ɗaga daɓen duka a kwashe jiƙaƙƙen makarin.

Sannan ga tambayar da suke cewa ba a cika yi ba: shin iskar da ake taƙama da ita tana nan kuwa? Gidan da ya shekara ɗari da ashirin ya ga masu shi da yawa. Wani ya ɗaga farfajiya da siminti har ta rufe bulon iska. Wani ya toshe hujin da gangan don maganin sanyi. Wani ya ƙara kicin a baya ya zuba masa kankare, sai iska ta shiga ta gaba ta rasa mafita. Irin wannan gida yana tsaye ne kawai don ramin yana numfashi ta tsagar alluna zuwa cikin falo. Wanda ya zo ya liƙe tsagar ya yanke hanyar da ta rage.

Akwai ƙananan haɗura da suke lissafawa. Bututun ruwa da ya zauna a ƙasan makari zai iya daskarewa ya fashe. Wayar lantarki da aka binne cikin auduga tana ɗaukar zafi, kuma farin soson makari yana lalata rigar robar waya idan sun daɗe a manne. Murhun itace ko tsohuwar hitar gas da ke jan iska daga ɗaki, idan aka toshe mata kafa ba a buɗe wata ba, tana iya cika ɗakin da iskar guba marar wari. A yankunan Konwol da Debon, inda iskar radon ke fitowa daga duwatsun ƙasa, rage zirga-zirgar iska a ramin ba abin wasa ba ne. Su kuma masu kare kayan tarihi, irin ƙungiyar SPAB da William Morris ya kafa a 1877, allunan kansu suke ji wa: tsohon katako ne mai faɗi da ba a samun irinsa a kasuwa, kuma duk ƙwarewar kafinta sai wasu sun tsage wajen ɗagawa.

Raddi, da raddin raddi

Masu goyon baya suna amsawa da cewa duk abin da aka lissafa laifin mai aiki ne. An san yadda ake yi, a rubuce yake. Ƙa'idar gini ta tanadi a bar fili na aƙalla santimita 15 a ƙarƙashin daɓe, kuma hujin iska ya kai murabba'in santimita 15 a kowace mita ta bango, a ɓangarori biyu masu fuskantar juna. A 2020 gwamnati ta fitar da jagora na musamman kan sa makari a irin wannan daɓe. Tsarin ba ɓoyayye ba ne: a auna danshin azaru tukuna, a gyara duk abin da ke kawo ruwa, a kwashe sharar ramin, a buɗe bulon iska, a rataya raga ko yadi mai barin tururi ya wuce, a cika tsakanin azaru dam ba tare da giɓi ba, a shimfiɗa abin tare iska a sama a liƙe shi da bango, a naɗe bututu, a gyara wa wayoyi hanya. Har hukumar Historic England, wadda aikinta kare tsoffin gine-gine ne, ba ta haramta ba, jagora ta rubuta kan yadda za a yi. Suna ƙara da cewa buɗe daɓen shi ne yake tona ruɓar da ta riga ta fara. Wanda ya ƙi taɓawa bai tsira ba, bai dai gani ba ne.

Ɗaya ɓangaren sai su ce, madalla da takarda, amma takarda ba ta shiga rami. Wanda ke shiga lebura ne da aka biya kuɗin kwangila, yana kwance cikin ƙura yana son ya gama kafin yamma, yana kuma sane da cewa da zarar an buga allon ƙarshe babu mai sake ganin aikinsa. Suna da abin nunawa. A unguwar Fishwick da ke Firestin, an manna wa ɗaruruwan gidaje makarin bango a 2013, ruwa ya shige bayansa, mazauna suka shekara da shekaru cikin naso da fumfuna. Bayan ƙorafe-ƙorafe irin waɗannan aka fito da ƙa'idar PAS 2035 a 2019, wadda ta ce a duba gida gaba ɗayansa kafin a taɓa wani sashe. Duk da haka, a watan Oktoban 2025 ofishin mai binciken kuɗin gwamnati ya ba da rahoton cewa kashi 98 cikin ɗari na gidajen da aka sa wa makarin bangon waje a ƙarƙashin wasu shirye-shiryen gwamnati biyu suna buƙatar gyara. Idan an yi haka a bangon da kowa ke gani daga titi, me za a yi a ƙarƙashin kafet? Ita ma ƙa'idar PAS 2035 aikin da aka yi da tallafin gwamnati ta wajaba a kai. Mai gidan da ya ɗauko magininsa da kuɗin aljihunsa, shi da sa'arsa.

Adalci dai shi ne a faɗa cewa waɗannan misalai na bango ne. Ba su tabbatar da cewa daɓe zai ruɓe ba. Abin da suka tabbatar shi ne irin hannun da aikin ke faɗawa.

Batun aljihu

A nan masu hattara sun fi samun sauƙin magana. Abin da makarin daɓe ke rage wa matsakaicin gida a shekara gomomin fam ne, ko ɗari da 'yan kai a babban gida, alhali idan don shi kaɗai za a ɗaga daɓe, kuɗin aikin dubbai ne. Makarin rufi ya fi shi araha nesa ba kusa ba, ya kuma fi shi amfani, tunda wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ɗumi ta sama yake fita. Toshe tsagogi da shimfiɗa kafet mai kauri yana kawar da mafi yawan sanyin da ƙafa ke ji da ɗan kuɗi kaɗan. Gidan da ke tsakiyar jeri, wanda maƙwabta suka rufa masa gefe biyu, asararsa ba ta kai ta gidan da ke tsaye shi kaɗai ba, domin a gefen bango da kusa da bulon iska ɗumin ya fi tafiya. Dokar ma ta san da haka: ta ɗauke wa mutum nauyin kaiwa 0.25 idan aikin ba zai mayar da kuɗinsa cikin shekara 15 ba, ta kuma sassauta wa gine-ginen tarihi.

Masu goyon baya sukan ce wannan lissafi ya tsallake abu biyu. Na farko, ana maganar gidan da daɓensa ke buɗe ne, don haka yawancin kuɗin ya riga ya fita. Na biyu, jin daɗi ba ya shiga takardar lissafi. Tsohuwar da ke wuni a kujera da jaririn da ke rarrafe ba su san ma'aunin U ba. Akwai ma wani ƙulli da ɓangarorin biyu ba su cika taɓawa ba: a gidan haya, ɗan haya ne ke biyan kuɗin sanyi, mai gida ne zai biya kuɗin ruɓa. Kowannensu ka tambaya, ka san amsarsa tun kafin ya buɗe baki.

Ko cikin masu cewa a sa, kai ba a haɗe yake ba

Da me za a sa? Wasu sun fi son allon soso mai tauri mai rigar azurfa, don yana tare sanyi kusan ninki biyu na auduga: inda ake buƙatar wajen santimita 15 na audugar dutse, wajen rabin haka ya isa. Wannan yana da amfani idan azarun ba su da zurfi. Matsalarsa ita ce tsoffin azaru ba a miƙe suke ba, kuma tazararsu ba ɗaya ba ce. Allon da aka yanka bai zauna daram ba, iska za ta zagaye shi, an yi aikin banza. Wasu kuma sun tsaya kan zaren itace, gashin tumaki ko zaren rama irin ta Turai, don suna lanƙwasa su cika kowane lungu, suna shan laima su sake ta, ba sa tsare ta a jikin katako. Sun fi tsada, sun fi cin wuri.

Sai sababbin hanyoyi. Kamfanin Q-Bot na Landan ya ƙera wani ɗan mutum-mutumi mai taya da ake zura shi ta ƙaramar kafa, ya riƙa yawo a ramin yana fesa kumfa a jikin alluna ta ƙasa, ba a ɗaga alluna ba, ba a kwashe kaya ba. Masu yaba shi suna cewa ya warware matsalar tsada da ta liƙe tsaga lokaci guda. Masu suka suna cewa kumfar da ta manne wa katako ba ta ɓanɓaruwa cikin sauƙi, kuma ta rufe abin da ya kamata a riƙa dubawa. Suna tuna yadda masu ba da bashin sayen gida da yawa suka riƙa ƙin gidajen da aka fesa wa kumfa a rufi. Cika ramin da ƙwayoyin soso kuwa, duk da shi ya fi kowa maki a awon 2017, ya kashe iskar da aka gina daɓen a kanta ɗungurungum. Akwai kuma masu cewa a huta da gardama, a cire katakon a zuba kankare. Wannan ne wuri ɗaya da kusan duk masana tsoffin gidaje suka haɗu suka ce a'a, domin kankare da ledar da ke ƙarƙashinsa suna kora danshin ƙasa zuwa gindin bango. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Tankaɗe da rairaya

Idan aka ajiye zafin gardama, abubuwa uku suna tsaye. Makari yana rage asarar ɗumi ƙwarai, an auna an gani. Yana kuma sanyaya ramin ya ƙara masa laima, wannan ma ba a ja. Na uku, ƙarin laimar kaɗai ba shi ke ruɓar da katako ba, sai ya tarar da wata matsala a ƙasa: naso, yoyo, ko iskar da ta tsaya. A ganina a nan ne ainihin zancen yake. Ɗumin da tsohon daɓe ke zubarwa yana rufa wa kurakurai da yawa asiri. Makari yana janye wannan rufin asiri. Gidan da ba shi da abin ɓoyewa babu ruwansa, wanda ke da shi kuwa zai tonu.

Saboda haka akwai gidajen da hukuncinsu a fili yake. Wanda ramin nasa ke bushe, iska na ratsa shi gaba da baya, azaru lafiya lau, kuma an riga an ɗaga alluna don wani aiki, ban ga hujjar rufewa ba tare da makari ba. Haka wanda ke da ɗakin ƙasa da mutum zai tsaya a ciki ya yi aikin daga ƙasa, ya kuma riƙa leƙawa duk lokacin da ya so. A ɗaya gefen, gidan da ruwa ke kwanciya a raminsa, ko aka toshe masa iska ba yadda za a buɗe, ko yake bakin kogin da ke ambaliya, ko allunansa kayan tarihi ne da ba a taɓa ɗagawa ba, gara a toshe tsaga, a shimfiɗa kafet, a kai kuɗin rufi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Matsalar ita ce mafi yawan gidaje a tsakiya suke: ɗan naso a kusurwa ɗaya, bulon iska uku inda ake son biyar, kicin ɗin baya da ya tare rabin hanya. A kansu masana na gaskiya suke saɓawa, kuma kowa da hujjarsa. Awon da ya nuna kashi 65 da 92 na gida ɗaya ne, na ɗan lokaci, ruɓar katako kuwa aikin shekaru ce. Kumfar feshi da cika rami sababbi ne idan aka gwada su da shekarun azarun da ake sa su a jiki. Wanda ya ce sun tabbata lafiya ya yi gaggawa, wanda ya ce lallai za su ruɓar da gida shi ma ya wuce abin da aka gani. Tsakanin soso mai tauri da zaren itace, ni na fi karkata ga abin da ke barin katako ya bushe kuma ake iya cirewa, amma maginin da ya iya zaunar da soso daidai ya fi wanda ya cusa gashin tumaki ya toshe bulon iska da shi.

Ga mai karatun da irin wannan gida ya faɗo hannunsa, ko ɗan'uwansa ya kira shi neman shawara: kada ka yarda a sa komai sai an auna danshin azaru a gabanka, musamman bakinsu da ke cikin bango. Ka zagaya waje ka ƙirga bulon iska da kanka. Ka ɗauki hoton aikin kafin a rufe. Idan ka zaɓi sawa, ka sa kafinta ya bar maka 'yar ƙofa a daɓen, ka riƙa aunawa duk shekara wajen watan Agusta ko Satumba, lokacin da iska mai ɗumi ke shiga ramin mai sanyi laima ta fi yawa. Idan ma'aunin ya haura kashi 20, ka nemo mai duba gini a makon.